Tartsatsin da Tsiro Ke Magana da Shi

Duk wanda ya taɓa kai yaro mai ƙujewar gwiwa ɗaya daga cikin shagunan magani na Gyadi-Gyadi, waɗanda ke kewaye da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya san ƙaramar kwalbar nan da ake kira haidirojin. Ana ɗiga ruwanta a kan rauni sai ya yi kumfa fari fat, yaro ya tsandara ihu, uwa ta ce ai ƙwayoyin cuta ne ke mutuwa. A kantar da ke sama da ita kuwa akwai wasu kwalabe masu kyan kwali da tsadar kuɗi, kowace ɗauke da kalmar antioksidan, suna alkawarin share wa jiki wata guba da ake cewa ita ke kawo tsufa da gajiya da kansa. Abin da mai saye bai cika lura da shi ba shi ne, ruwan da ke cikin kwalbar farko yana daga cikin gubar da kwalabe na biyu suka yi alkawarin sharewa.

Tafiyar mintuna kaɗan daga nan, a Titin Sabo Bakin Zuwo da ke Tarauni, akwai ofisoshin cibiyoyin binciken noma biyu na duniya: IITA, wadda ta shahara da aikin inganta irin wake, da ICRISAT, mai aiki a kan dawa da gero da gyaɗa. Tsirran da suke renon irinsu suna ƙera wannan sinadari na cikin kwalba da kansu, da gangan, kowace rana. Da shi ganye ke rufe ƙofofinsa idan ƙasa ta bushe, da shi saiwa ke sanar da kara cewa an ji mata rauni, da shi kuma wake ke toshe wa ƙuduji hanya.

Matsayin wannan rubutu shi ne: labarin da aka saba ji, wai oksijin mai zafin nama maƙiyi ne tsantsa kuma maganinsa a kawar da shi, rabin gaskiya ne. Rabin gaskiyar nan kuwa tana cin kuɗin majiyyaci a Gyadi-Gyadi, tana kuma karkatar da hankali daga tambayar da ta fi muhimmanci ga gonakin Kano, wato yadda tsiro ke auna wannan sinadari, da lokacin da yake sakinsa, da wurin da yake sakinsa.

Inda tartsatsin ke fitowa

Oksijin ya kai kusan kashi 21 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa, kuma a yadda yake yawo a sarari ba shi da saurin faɗa. Matsalar tana farawa ne idan ya karɓi ilektiron, wato ɗan ƙanƙanin ɓurɓushin lantarki da ke kai-komo a cikin kowace ƙwayar halitta mai rai. Idan ya karɓi huɗu cif, tare da haidirojin, sai ya zama ruwa, a rabu lafiya. Idan ya karɓi ɗaya kacal sai ya zama sufaoksaid. Idan biyu ne, ya zama haidirojin feroksaid, ruwan kwalbar nan. Idan kuma feroksaid ɗin ya gamu da sinadarin ƙarfe a cikin ƙwaya, yakan tsage ya haifar da haidiroksil, wanda ya fi su duka ɓarna, domin duk abin da ya fara taɓawa, kitse ne ko furotin ko ƙwayar gado, sai ya lalata shi nan take. Waɗannan da danginsu su ne za a kira tartsatsin oksijin a nan, domin halinsu ɗaya da tartsatsin maƙera: ba a hura wutar aiki ba tare da sun tashi ba.

Wutar aikin tsiro kuwa babba ce. A cikin kowane koren ganye akwai ƙananan madafai da ke kama hasken rana, su fasa ruwa, su yi amfani da ilektiron ɗin da suka samu wajen mayar da iskar kabon sukari. Da tsakar ranar watan Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke kusantar maki 40 a ma'aunin salshiyos, hasken da ke sauka a kan ganyen darbejiya ya fi abin da madafan za su iya sarrafawa. Rarar ilektiron sai ta zube a kan oksijin. Tsirrai irin su wake da gyaɗa da shinkafa suna da ƙarin wata kafa: idan zafi ya tsananta, enzayim ɗin da ke kama iskar kabon yakan yi kuskure ya kama oksijin, gyaran kuskuren kuma yana fitar da feroksaid mai yawa. Dawa da gero da masara suna da dabarar tara iskar kabon a kusa da wannan enzayim, shi ya sa kuskuren ya yi musu sauƙi, kuma yana cikin dalilan da suka sa suka fi jure ranar Arewa.

Ba abin mamaki ba ne da kimiyya ta fara sanin tartsatsin ta fuskar ɓarnarsa. Masanin sinadarai ɗan Faransa Louis Jacques Thénard ya gano haidirojin feroksaid a 1818. A 1954 Rebeca Gerschman da abokan aikinta suka nuna cewa illar yawan oksijin da illar hasken eksire suna da tushe ɗaya. A 1956 Denham Harman ya gabatar da ra'ayin cewa tsufa kansa tarin ɓarnar irin waɗannan sinadarai ne. A 1969 Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano enzayim ɗin da aikinsa kawai shi ne kawar da sufaoksaid. Hujjar ta yi kama da wadda ba ta da makusa: da abin ba guba ba ne, me zai sa halitta ta tanadi masu kashe shi? Kumfar da ke tashi a gwiwar yaro ma shaida ce, domin wani enzayim ne na jikinsa, katales, ke farfasa feroksaid ɗin zuwa ruwa da oksijin. Daga wannan fahimta kasuwar antioksidan ta samo jarinta.

Yadda guba ta zama saƙo

Labarin ya fara sauyawa a 1983, a Jami'ar Nagoya ta Japan. Noriyuki Doke yana nazarin cutar ruɓewar dankalin Turawa, wadda ta jefa ƙasar Ayalan cikin yunwa daga 1845. Ya lura cewa idan aka sa wa dankali nau'in cutar da yake iya jurewa, nan da nan ƙwayoyinsa ke ambaliyar sufaoksaid, amma idan nau'in da ke cin galaba a kansa ne, ambaliyar ba ta zuwa. Ma'ana, tsiron da ya tsira shi ne wanda ya fi fitar da abin da ake kira guba. A 1994 ƙungiyar Chris Lamb da Richard Dixon a Amurka ta nuna cewa feroksaid ɗin nan yana aiki uku a lokaci guda: yana ƙara wa katangar ƙwaya tauri, yana umartar ƙwayoyin da cutar ta taɓa su mutu, yana kuma isa ga maƙwabtansu ya sa su kunna ƙwayoyin gadon kariya. Manomin da ya taɓa ƙone wani siririn yanki a gefen gona don kada gobarar daji ta tsallako ya san wannan dabara.

Bayan haka aka gano injin da ke ƙera tartsatsin. Furotin ne da ke zaune a jikin fatar ƙwaya, ana taƙaita sunansa da RBOH. Yana ɗauko ilektiron daga cikin ƙwaya ya miƙa wa oksijin da ke waje, kuma ba ya aiki sai an kunna shi. Ɗan'uwa ne na kusa ga enzayim ɗin da fararen ƙwayoyin jinin ɗan'adam ke amfani da shi wajen ƙone ƙwayoyin cuta. Yaran da aka haifa da naƙasar wannan enzayim suna fama da ƙuraje da cututtuka masu dawowa ba ƙaƙƙautawa, ba don tartsatsi ya yi musu yawa ba, sai don ya yi musu kaɗan.

Sakamakon bincike ya ci gaba da zuwa ɗaya bayan ɗaya, akasarinsa a kan Arabidopsis, wani ɗan haki dangin kabeji da masana suka mayar abin gwaji. A ƙasan kowane ganye akwai dubban ƙananan ƙofofi, kowace da ƙwayoyi biyu masu gadinta. Ta nan iskar kabon ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita. Idan ƙasa ta bushe, tsiro yana tara wani sinadarin gargaɗi mai suna ABA. A 2000 aka nuna cewa ABA yana sa masu gadin su ƙera feroksaid, feroksaid ya buɗe hanyar shigar kalsiyam, masu gadin su saki ruwan cikinsu su yanƙwane, ƙofa ta rufe. A 2003 aka nuna cewa tsiron da aka lalata wa RBOH na masu gadi ba ya rufe ƙofofinsa yadda ya kamata. A shekarar dai aka nuna cewa siraran gashin saiwa, waɗanda ke tsotso ruwa daga tsakanin ƙwayoyin yashi, ba sa tsawo idan babu tartsatsi a bakinsu.

A 2009 ƙungiyar Ron Mittler ta bayar da rahoton abin da ya fi ba da mamaki. Idan aka ji wa ganye ɗaya rauni, ko aka gasa shi da zafi, ƙwayar da abin ya shafa tana sakin tartsatsi. Ta kusa da ita ta ji, ta kunna nata RBOH, ta gaba ma haka, har saƙon ya ratsa tsiron gaba ɗaya da gudun santimita 8.4 a minti. Feroksaid ɗin farko ba shi ne ke yin tafiyar ba, kowace ƙwaya sabunta shelar take yi, kamar yadda labarin gobara ke ratsa unguwa daga baki zuwa baki. Da a ce gudun ɗaya ne a karan dawa mai tsawon mita uku, da saƙo daga gindi zai kai zangarniya cikin kusan minti 36. Ganyen da rana ba ta taɓa ba tukuna yana samun labari, ya fara shiri.

Saura tambaya ɗaya: da wane kunne ƙwaya ke jin saƙon? A 2020 ƙungiyar Zhen-Ming Pei ta Jami'ar Duke ta wallafa amsa a mujallar Nature. Akwai furotin a fatar ƙwaya, mai suna HPCA1, wanda ɓangarensa na waje ke ɗauke da wasu ƙananan maɗaurai masu sinadarin farar wuta. Feroksaid na taɓa su sai su sarƙe da juna, siffar furotin ta sauya, ƙofar kalsiyam ta buɗe. Wato ƙonewar da ake tsoro ita ce ainihin hanyar karanta saƙon, sai dai ƙonewa ce ƙarama, a wuri ƙayyadadde.

Wannan ya sauya matsayin masu kashe tartsatsi su ma. Katales da bitamin C da sauran tarin sinadaran da ke cike da ganye ba su share tartsatsin ƙarƙaf. Aikinsu su riƙe shi ƙasa-ƙasa, domin idan ya tashi a ji tashinsa, su kuma kwantar da shi bayan saƙo ya isa. Shela ba ta da amfani a kasuwar da kowa ke ihu, haka nan ba ta da amfani idan an toshe bakin mai yin ta.

Ƙuduji, ɓarawon da ya iya yaren gida

Manomin Kano ba ya bukatar a gabatar masa da ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Nau'i ɗaya mai fure ja-ja yana kama dawa da gero da masara, wani kuma yana kama wake. Irinsa kamar ƙura yake, gindi ɗaya yana zubar da dubun dubatarsa, kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma yana jira. Kafin furensa ya bayyana a sarari ya riga ya shafe makonni yana shan jinin amfanin gona a ƙarƙashin ƙasa. Ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda taki ya yi wa ƙaranci, wato gonar talaka.

Rayuwarsa ta rataya ne a kan saƙonni biyu. Na farko shi ne wani sinadari da saiwar dawa ko wake ke fitarwa, wanda ke tayar da irin daga barci. Amma tsirowa ba ta isa ba. Guzurin da ke cikin ƙwayar irin na 'yan kwanaki ne, kuma dole ɗan tsiron ya san daidai lokacin da ya iso jikin saiwa, domin ya daina tsawo ya kumbura ya zama bakin tsotso. Idan ya yi da wuri ya mutu, idan ya makara ya mutu. A 1986 David Lynn da abokiyar aikinsa a Amurka suka ware sinadarin da ke ba da wannan umarni daga saiwar dawa, wanda ake kira DMBQ. Binciken da ya biyo baya ya nuna wani abin al'ajabi: bakin saiwar ƙudujin ne ke fitar da feroksaid. Idan ya taɓa katangar ƙwayar dawa, feroksaid ɗin tare da wasu enzayim suna ƙone wasu sinadarai na katangar su mayar da su irin su DMBQ, waɗanda ke dawowa wurin ƙudujin a matsayin tabbaci. Kamar makaho mai ƙwanƙwasa sanda ne, amsar da ta dawo ita ke faɗa masa ya iso bango. Da aka zuba katales a wurin don ya shanye feroksaid, bakin tsotson bai fito ba. A 2019 masu bincike a Japan suka sake tabbatar da haka a kan nau'in da ke addabar dawa a Najeriya: da aka hana RBOH ɗinsa aiki, ya kasa yin bakin tsotso. A 2020 kuma wata ƙungiya a cibiyar RIKEN ta Japan, mai neman furotin da tsiro ke jin DMBQ da shi, ta tarar cewa shi ne dai HPCA1, mai jin feroksaid. Da ɗan gari akan ci gari.

Tsiro ma yana da tasa amsar da yaren. Akwai wani tsohon irin wake daga Botsuwana da masana suka yi wa lamba B301. Idan ƙuduji ya manne a saiwarsa, ƙwayoyin da ke daidai wurin sukan yi duhu su mutu cikin gaggawa, sai ɓarawon ya tsinci kansa manne da mataccen nama, ya bushe. Irin mutuwar gaggawar nan ce Doke da Lamb suka nuna tartsatsi na jagoranta a wasu tsirrai. Masu inganta iri na IITA, waɗanda suka yi shekaru suna gwaji a Kano da gonarsu ta Minjibir, sun shigar da wannan hali cikin irin da ya dace da manoman Arewa. Ɗaya daga cikinsu, IT97K-499-35, an sake shi ga manoma a 2008 da sunan SAMPEA 10, tare da Cibiyar Binciken Noma ta Samaru. A 2009 Jianxiong Li da Michael Timko na Jami'ar Birjiniya suka gano ƙwayar gadon da ke ba B301 ikon gane nau'in ƙudujin da ke Najeriya ya kuma kunna wannan martani.

Labarin bai ƙare da nasara ba. A yankin Zakpota na Jamhuriyar Benin akwai wani nau'in ƙudujin wake da ke cin B301 hankali kwance, kuma an nuna cewa yana yin haka ne ta hanyar sakin wani furotin da ke danne martanin mai gida. Ya shiga, ya kashe ƙararrawa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, kuma irin ƙuduji yana tafiya a cikin iska da ƙafar dabba da buhun iri. Ba ya neman biza.

Abin da masu ja za su ce

Mai ja zai ce an wuce gona da iri wajen wanke tartsatsi. Yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma hujjarsa mafi ƙarfi tana kantunan sayar da maganin feshi. Maganin ciyawar nan farakwat yana kashe tsiro ne ta hanyar fizgo ilektiron daga madafan ganye ya ɗora wa oksijin, ba tsayawa, har sufaoksaid ya fi ƙarfin masu kashe shi. Shi ya sa yake aiki da rana, ciyawa ta ƙone cikin kwana ɗaya ko biyu. Irin ɓarnar yake yi wa huhun mutumin da ya sha shi, Tarayyar Turai kuma ta hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da haramta shi. Gonar da fari da zafi suka haɗu a kanta tsawon makonni, ganyenta kan mutu da irin wannan ƙuna. Amma wannan hujja tana tabbatar da batun ne: sinadari ɗaya, a ma'auni ɗaya saƙo, a wani ma'aunin kisa. Gishirin miya ma haka yake.

Mai ja na biyu zai ce darasin tsiro bai shafi kwalaben Gyadi-Gyadi ba, domin mutum ba wake ba ne. To, an gwada a kan mutane. A Finlan an ba maza masu shan taba kimanin 29,000 ƙwayoyin ƙarin sinadarai, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna cewa waɗanda suka sha beta-karotin sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin ɗari. A 1996 aka dakatar da wani gwaji makamancinsa a Amurka kafin wa'adinsa saboda dalili ɗaya. A 2011 wani babban gwaji ya nuna ƙaruwar kansar mafitsara ta maza, wato furostet, da kashi 17 cikin ɗari ga masu shan bitamin E. A 2009 Michael Ristow da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa shan bitamin C da E da yawa yana toshe wani ɓangare na amfanin motsa jiki, domin tartsatsin da tsoka ke fitarwa shi ne saƙon da ke sa jiki ya ƙarfafa kansa. Wannan bai taɓa darajar zogale da kuka da yakuwa da lemo ba, haka kuma bai shafi majiyyacin da likita ya gano yana da ƙarancin wani bitamin ya rubuta masa ba. Abin da ya rushe shi ne tunanin cewa mai lafiya zai ƙara lafiya gwargwadon yawan ƙwayoyin da ya haɗiya.

Mai ja na uku shi ne ya fi cancantar a saurare shi. Zai ce manomin Dawakin Kudu taki yake bukata da iri mai kyau da rancen da zai iya biya, ba labarin furotin ba, kuma SAMPEA 10 ya fito shekara guda kafin a gano ƙwayar gadon da ke bayan juriyarsa. Gaskiya ne, kuma gyaran ƙasa da juya shuka da tuge ƙuduji kafin ya zubar da iri suna nan a matsayin matakan farko. Sai dai nasarar B301 sa'a ce da aka tsinta a cikin tarin tsofaffin iri, Zakpota kuma ta nuna cewa sa'a tana da wa'adi. Wanda ya san yadda ƙararrawa ke aiki shi ne zai iya gyara ta ranar da ɓarawo ya koyi kashe ta.

Abin da ya rage wa Kano

Idan aka bi sunayen wuraren da aka ambata a sama, Nagoya, Duke, RIKEN, Birjiniya, za a ga wani rabon aiki da ya daɗe. Ƙudujin na Arewa ne, waken na Arewa ne, gonar gwajin tana Minjibir, amma tambayar yadda abin ke faruwa a cikin ƙwaya an amsa ta ne a wasu nahiyoyi, akasari kuma a kan hakin da ba wanda ke tuƙa tuwo da shi. Ba wanda zai ce saƙon tartsatsi a gero ɗan kwana saba'in, a yashin Ɗambatta, daidai yake da na Arabidopsis a ɗaki mai sanyi, sai an auna.

Aunawar kuwa ba duka ce ke bukatar na'urar biliyoyi ba. Akwai rini masu araha da ke sauya launi a jikin ganye ko saiwa daidai inda feroksaid ko sufaoksaid ya taru, kuma ana auna ƙarfin katales da na'urar da ke akwai a yawancin sassan nazarin sinadaran halitta. Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, Samaru tana da tarin iri da gogewar shekaru, Tarauni tana da masu inganta iri da alaƙa da dakunan bincike na duniya. Abin da ke yawan yankewa shi ne wutar lantarki mai ɗorewa, firjin da ba ya mutuwa, da kuɗin da zai riƙe ɗalibin digiri na uku shekara huɗu a kan tambaya ɗaya. Waɗannan abubuwa ne da gwamnatin jiha da asusun TETFund da attajiran da ke cinikin hatsi a Dawanau za su iya ɗauka idan sun ga dama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma tarko da ya kamata masu binciken su kauce masa, domin shi ne dai tarkon kantin magani a cikin rigar ilimi. Yana da sauƙi a auna iri ashirin, a zaɓi wanda ya fi yawan masu kashe tartsatsi, a ce shi ne mai jure fari. Amma irin da ke kashe tartsatsi tun kafin ya tashi zai iya zama irin da ke makara wajen rufe ƙofofinsa, ko wanda ba ya jin ƙuduji ya taɓa shi. Tambayar da ta dace ita ce wane iri ne ke ɗaga tartsatsi da sauri, a daidai wurin, ya kuma kwantar da shi kafin ya zama gobara. Haka nan malamin gona da aka kawo wa sabon ruwan feshi mai alkawarin kare amfanin gona daga kowace irin wahala yana da haƙƙin tambaya: a kan wane amfanin gona aka gwada, a wace ƙasa, damina nawa, kuma buhu nawa ya ƙaru?

Ga ma'aikacin da ke tsaye gaban kanta a Gyadi-Gyadi da albashin da bai kai ƙarshen wata ba, lissafin ya fi sauƙi. Kuɗin kwalba ɗaya mai kyan kwali zai sayi zogale da tumatir da lemo na kwanaki a Kasuwar Tarauni. Ganyen da zai saya ɗin ya tara sinadaran kariyarsa ne saboda ya yi rayuwarsa a ƙarƙashin ranar Kano yana hura wuta yana kuma tsare ta, kuma bai taɓa yunƙurin kashe ta gaba ɗaya ba.